Tsara Babban Zaren Labari a Wasan Shiga-Labari: Darasi Daga Tarihin Gobir

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake tsara babban zaren labari a wasan shiga-labari, wato wasan da mutane kaɗan ke zama da'ira, kowa ya ɗauki tauraro guda, jagora yana bayyana musu duniyar da suke ciki, labarin kuma yana ɗorewa daga zama zuwa zama har tsawon watanni. Ta kafa hujja da tarihin Gobir daga ginin Alƙalawa zuwa kafa Sabon Birni, da wasannin gargajiya irin su kalankuwa, da kuma abin da mai takardar ya gani a wasan da yake jagoranta tare da wasu samarin Turba. Matsayinta shi ne, aikin jagora ya tsaya a kan tsara buƙatun ɓangarori da lokacin da kowace buƙata za ta kai gargara, ƙarshen labari kuwa na 'yan wasa ne.

1.0 Gabatarwa



Mun saba raba wasan kwaikwayon Hausa gida biyu: na gargajiya, irin su tashe da wasan gauta da kalankuwa, da na zamani wanda ya haɗa da na dandamali da rediyo da talabijin da fim. Nau'in da zan yi magana a kansa bai zauna daram a ko ɗaya daga cikin gidajen nan ba. Ba shi da 'yan kallo, ba a haddace magana, ba ya buƙatar lantarki ko intanet. Wannan siffa ta ƙarshe ce ta fara jawo hankalina gare shi. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, Isa da Sabon Birni na ciki. Dandalin dare kuma, inda aka saba tatsuniya da langa da kiɗan 'yan mata, tsoro ya riga ya tashe shi a ƙauyuka da dama. Matashin da ba shi da dandali, ba shi da waya, me ya rage masa? Zaure da tabarma da abokai huɗu ko biyar. Abin da wasan shiga-labari ke buƙata ke nan.

2.0 Asalin wasan da yadda ake yin sa

A siffarsa ta yau, wasan ya fito ne daga Amurka. Dave Arneson ya fara jagorantar wata ƙirƙirarriyar duniya mai suna Blackmoor a farkon shekarun 1970, daga nan shi da Gary Gygax suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974. Tsarin mai sauƙi ne. Jagora ya ce, "Kun iso ƙofar gari, an rufe, dogari yana gyangyaɗi." Ɗan wasa ya ce, "Zan haura ganuwa." Ƙa'idojin wasa su yanke ko ya haura ko ya faɗo. Abin da ya faru ya zauna a labari, ba a goge shi, zama na gaba daga nan za a tashi.

Bahaushe ba baƙo ba ne a rabin wannan aiki. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan naɗa wa junansu muƙamai, wannan sarki, wancan alƙali, ga 'yan doka, a kawo ƙara a yi shari'a a ci tara, ba tare da wani ya rubuta musu abin da za su faɗa ba. A Damagaram wasan kara yana bin irin wannan hanya. Abin da babu a waɗannan wasanni shi ne ɗorewar labari guda: biki na ƙarewa, sarauta ta ƙare. Tatsuniya kuwa tana da zare daga farko har ƙarshe, sai dai zaren yana bakin mutum guda, masu sauraro ba su da ikon hana Gizo shiga rami. Wasan shiga-labari yana son haɗa 'yancin kalankuwa da zaren tatsuniya, kuma a wurin haɗin ne matsala take.

3.0 Jagoran da ya riga ya rubuta ƙarshe

Duk wanda ya taso da karatun Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, idan aka ce ya tsara dogon labari, zuciyarsa za ta ba shi zubi irin wancan: a tura tauraro neman wani abu mai wuyar samu, ya ratsa garuruwa, ya yi ta karo da abokin hamayya irin Malam Zurƙe, a ƙarshe ya dawo da abin da ya fita nema. A littafi wannan zubi ya yi kyau ƙwarai, domin tauraronsa, Alhaji Imam, ba zai taɓa ce wa marubucinsa ya fasa tafiya ba. Ɗan wasa kuwa zai faɗa. Zai iya cewa ya ga gari ya yi masa, zai yi aure ya zauna. Zai iya shiryawa da abokin hamayyar tun a karo na biyu.

Jagoran da ya rubuta ƙarshe tun farko, idan haka ta faru, sai ya fara toshe hanyoyi. Duk ƙofar da ba ta kai ga shafin da ya rubuta ba a rufe take, duk dabarar da bai yi tsammani ba sai ta ci tura. Matasa suna gane wannan da wuri, kuma da zarar sun gane zaɓinsu ba ya canja kome, sai zama ya mutu. Masu wannan wasa a Turai da Amurka sun daɗe suna kokawa da abin. Jerin littattafan wasa na Dragonlance da aka fara fitarwa a 1984 sun zo da ƙa'idar da ke hana wasu muhimman taurari mutuwa ta tabbas kafin lokacin da labari ya tanadar musu, kuma an yi ta sukar su a kan haka. Daga baya Justin Alexander ya yi rubutu a 2009 yana ba jagorori shawarar su shirya hali maimakon jerin aukuwa. Vincent Baker, a wasansa Apocalypse World na 2010, ya mai da shawarar doka: ya hana jagora tsara labari tun kafin zama, ya ba shi hanyar rubuta barazanoni masu matakai, waɗanda ke ƙara matsowa idan ba a tare su ba.

Na yarda da wannan matsayi. Abin da nake ƙarawa shi ne, ɗan ƙasar Gobir ba ya buƙatar aro misali daga nesa, domin tarihin ƙasarsa ya fi kowane littafin ƙa'ida nuna yadda irin wannan labari ke tafiya.

4.0 Gobir a matsayin abin koyi

A duba shekaru ɗari, daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa bayan tsakiyar na 19. Gobirawa, waɗanda suka gangaro daga Azbin suka zauna a Birnin Lalle, sun shigo ƙasar Zamfara a matsayin baƙi. Ba a jima ba Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Alƙalawa ta zama babban birni a bakin Gulbin Rima. Abdullahi Rafi Augi ya bi diddigin wannan zamani a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984. A ƙarshen shekarun 1780, Bawa Jangwarzo, sarkin da ake tsoro a duk yankin, ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai karɓi dukiyar ba, ya nemi abubuwa biyar a madadinta, ciki har da a bar shi ya yi wa'azi, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince.

A nan nake so mu dakata. Da marubuci ne ya tsara wannan labari da nufin kai shi ga yaƙin 1804, da ya sa Bawa ya ƙi, domin a samu mugu tun shafin farko. Amma sarkin ya amince, kuma amincewar ce ta ba jama'ar Shehu sararin yawaita. Bawa ya rasu, magajinsa Yakuba ya faɗi a fagen yaƙi, Nafata ya ga abin da ya gada ya fi ƙarfinsa sai ya kafa dokokin hana rawani da lulluɓi da taƙaita wa'azi. Yunfa ya hau, aka kai hari Gimbana a kan jama'ar Abdussalami, ɗaya daga cikin mabiyan Shehu, sai Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Kowane mataki amsa ne ga wanda ya gabace shi, kuma a kowane mataki akwai wata hanya da za a iya bi.

Yaƙin ma bai tafi a miƙe ba. Jama'ar Shehu sun yi nasara a Tafkin Kwatto a watan Yuni na 1804, sai ga mummunar asara a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, inda Azbinawa suka taimaki Gobir. Ƙarancin abinci ya tilasta wa jama'a komawa ƙasar Zamfara a 1805. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808. Wanda ya ɗauka nan labari ya ƙare, bai san Gobir ba. An sake gwabzawa a Gawakuke a 1836, inda Sarkin Gobir Ali ya rasu, daga baya Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku (1859 zuwa 1866) Ɗan Halima ya saɓa da 'yan uwansa na Tsibiri, ya daidaita da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Sannan Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni da Isa suka faɗa Nijeriya. Har yau ana kiran Sarkin Gobir a Tsibiri da Sabon Birni da Isa da Gwadabawa.

Me jagora zai ɗauka daga wannan? Abu na farko, ƙarfi bai taɓa taruwa a hannu ɗaya ba. Ban da sarki akwai Tara ta Gobir, majalisar da ke zaɓen sarki, mai manya irin su Ubandawaki da Sarkin Rafi. Akwai Inna, mace 'yar gidan sarauta mai faɗa a ji. Akwai malamai a wajen fada, da 'yan sarki masu jiran gado, da Azbinawa masu raƙuma da gishiri, da Zamfarawan da ba su manta an ci birninsu ba. Kowane ɓangare yana da abin da yake so, da abin da yake tsoro, da wanda ba zai iya haɗa hanya da shi ba ko da riba. Idan jagora ya rubuta waɗannan abubuwa uku a kan ɓangarori huɗu ko biyar, shafi guda ya isa, kuma ya gama fiye da rabin aikinsa.

Abu na biyu shi ne lokaci. A ƙasar Rima shekara ce ke juya al'amura. Da damina gulbi kan cika ya malale fadama, hanyoyi su yanke, mayaƙi ya koma manomi. Da kaka rumbu kan cika, mai karɓar haraji ya iso. Da sanyi ayarin gishiri kan sauko daga arewa. Da rani ake fita yaƙi, da bazara kuma hatsi ke ƙarewa, mai bashi ya fara sallama. Jagora ba ya buƙatar ƙirƙiro agogon barazana, ga shi nan a shekarar manomi. Sai ya rubuta a gaban kowane ɓangare abin da zai aikata a kowane lokaci idan ba wanda ya tare shi. Wannan jadawali shi ne babban zaren labari. Yana gudu kamar gulbi ko an kula da shi ko ba a kula ba, 'yan wasa kuma suna iya datse shi ko su karkata shi.

5.0 Misali daga zaure

Samarin da nake wasa da su 'yan Turba ne da karatu ko ƙaurar iyaye ta kawo Sakkwato. Taswirarmu a bayan kwalin taliya aka zana ta da biro: birni mai ganuwa, gulbi, tafki, hanyar ayari. Marafan kwalaben lemo su ne taurari, maharbi da masunci da ɗan koli da almajiri. Duniyar ƙirƙirarriya ce, mai dodon tafki da layar zana da kau-da-bara, irin abubuwan da suka sani tun daga tatsuniya da hirar maharba.

Abin da na rubuta kafin zaman farko kaɗan ne. Sarki ya tsufa, yana ciwo. Wani babban ɗan majalisa yana sayar wa madugu hatsin rumbun tsimi a ɓoye domin ya sayi dawakin da zai ɗora ɗan sarkin da yake so. Uwar sarauta tana riƙe da wani tsohon alkawari tsakanin birnin da dodon tafki, wanda idan aka saɓa shi ruwa ba zai sauka fadama ba. Wani malami a wajen ganuwa yana tara waɗanda haraji ya kora. Jadawalin ya ce: hatsi zai fita da sanyi, sarki zai rasu da rani, yunwa za ta bayyana da bazara.

A wani zama ɗan majalisar ya ba su wasiƙa su kai wa madugu. Suna tsakiyar hanya sai mai riƙe da ɗan koli ya ɗaga kai ya ce, "Malam, idan muka buɗe ta fa?" Na ce, "Ku buɗe, amma hatimi ba ya komawa." Suka yi ta gardama a tsakaninsu har shayi ya huce, almajiri yana cewa amana ce, masunci yana cewa amanar gari ta fi ta mutum ɗaya. Suka buɗe. Ba su kai wasiƙar ba, ba su kuma tona asiri a fada ba. Wurin uwar sarauta suka nufa, suka ba ta, a kan ta nuna musu hanyar tafki.

Ban tanadi wannan ba, amma ban rasa abin faɗa ba, domin na san abin da kowa yake so. Madugu bai ga saƙo ba, zai aiko a tambaya. Ɗan majalisa zai gane su wa suka ci amanarsa. Uwar sarauta ta samu makami, za ta ɓoye shi sai ranar zaɓen sarki. Rasuwar sarki na nan a lokacinta, amma hatsi bai fita ba, saboda haka yunwar bazara ta sauka daga jadawali, wata fitinar ta hau. Bayan kowane zama aikina shi ne in gyara wannan shafi guda.

Akwai dabara ɗaya da ta taimaka mini wadda Justin Alexander ya bayyana a 2008: duk sirrin da labari ya dogara a kansa, a ajiye masa aƙalla alamu uku a wurare dabam-dabam. Da ba su buɗe wasiƙar ba, da sun ga sawun raƙuma a bayan rumbu, ko su ji mai awo a kasuwa tana ƙorafin tiya ta yi tsada da kaka.

6.0 Batun babban mugu, da wasu iyakoki

Yawancin wasannin da aka gina a kan littattafan Tolkien da makamantansu suna rataye ne a kan babban mugu guda da rundunarsa, wata al'umma da aka halitta da mugunta. Ina ganin wannan zubi yana da haɗari a wurinmu fiye da ko'ina. Yaran Isa da Sabon Birni sun san hari da garkuwa da harajin dole a zahiri. Dubban mutanen yankin sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka tun daga 2019. A watan Agusta na 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Wanda ya taso a cikin wannan, idan aka ba shi wasan da ke cewa akwai wata ƙabila da kashe ta halal ne, ba sai an faɗa masa sunan ƙabilar ba, da kansa zai sa mata. Kamfanin da ke da Dungeons & Dragons ma ya sanar a 2020 cewa zai daina nuna wasu jinsunan wasan a matsayin miyagu tun haihuwa.

Ba ina cewa a cire mugunta daga labari ba. Mai sayar da hatsin gari mugun aiki yake yi, kuma ya kamata ya gamu da sakamakonsa. Abin da nake nema shi ne muguntar ta zama aikin mutum mai suna da dalili, a kuma samu mutanen kirki da na banza a kowane ɓangare, a fada da ruga da zango da tsangaya. Tsarin ɓangarori yana ba da wannan kai tsaye, ya kuma sa sulhu da shari'a da biyan diyya su zama hanyoyin nasara daidai da takobi.

Iyaka ta biyu ta shafi sunaye. Tarihin Gobir zubi nake aro daga gare shi. Ban yarda wani ya ɗauki matsayin Shehu ko Muhammadu Bello ko Bawa Jangwarzo a wasa ba. Zuriyarsu na raye, sarautunsu na raye, kuma bai dace a sa musu maganar da ba su yi ba.

Ta uku ita ce ɗan jefawa mai ɗigo irin na ludo, wanda yawancin waɗannan wasanni ke amfani da shi. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yi hani ga wasan nardu, iyaye da yawa kuma da sun ga abin sai su tuna caca. Ba dole ba ne a yi amfani da shi. Tun 1991 Erick Wujcik ya fitar da wasan Amber wanda babu jefe a cikinsa. Mu 'ya'yan tsamiya muke rabawa, goma ga kowa a farkon zama. Mai son yin abu mai wuya sai ya biya, haura ganuwa biyu, shawo kan dogari uku. In sun ƙare, sai ɗan uwansa ya ranta masa ko ya haƙura. Wannan ya sa suna shawara kafin su motsa, kuma ya cire wa iyaye shakku.

7.0 Kira

Kayan aikin wannan wasa suna bakin dattawa, kuma dattawan yankin suna warwatse a Sakkwato da Maraɗi da sansanonin 'yan gudun hijira. Ina roƙon masu nazarin Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tare da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, su tura ɗalibai su naɗo bayanin muƙaman fada da aikin kowannensu, da yadda ake gudanar da kalankuwa, da tatsuniyoyin gulbi da tafki daga mutanen Turba da Isa da Sabon Birni da Tsibiri. Daga abin da aka tattara a fitar da ɗan littafi mai arha, da boko da ajami, mai taswira ɗaya da bayanin ɓangarori da jadawalin shekara da ƙa'idojin 'ya'yan tsamiya. Malaman Hausa na makarantun sakandare su gwada shi a ƙungiyoyin ɗalibansu na zango guda, su rubuto mana abin da yaran suka yi da shi.